Kafin Ka Miƙa Takardar Hutun Karatu

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Rabi da yara, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kiyaye fitarka da shigarka, Ya tsare ka daga sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Mu nan lafiya lau muke, sai tsadar da ta dami kowa.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Ranar da ka zo ka zauna da ni a zaure ka gaya min shawarar da ka yanke, abin da na ce maka shi ne Allah Ya zaɓa mafi alheri, kai kuwa ka tashi da fara'a, kana zaton na amince. Ban amince ba. Na ɓoye ra'ayina ne don na ga ba shawara ka zo nema ba, albarka ka zo karɓa, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya fitar da magana daidai. A waya kuma kafin in gama gyaran murya kati ya ƙare. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, zan ba direban bas ɗin Makoda ya kawo maka.

Bari in maimaita abin da na ji, in na ji ba daidai ba ka gyara min. Kai ne mai kula da sayen gyaɗa a kamfaninku na man gyaɗa. Manajanku ya kira ka ofis, ya sa aka kawo maka shayi, ya ce mutum irinka bai kamata ya ƙare rayuwarsa a tsakanin buhuna ba. Ya ce ka tafi Legas ka yi digiri na biyu a fannin kasuwanci, wanda kuke cewa mastas, shekara ɗaya da rabi. Kamfani zai ba ka hutun karatu, amma ba albashi. Za ka sayar da fulotinka na Bacirawa ka biya makaranta, ka kawo Rabi da yara wurinmu, in ka dawo a ɗaga ka sama. Ƙarshen watan nan za ka miƙa takardar neman hutun.

Na yi maka tambaya biyu a ranar, ban sani ba ko ka lura da amsar da ka ba ni. Na ce, "Wa zai riƙe kujerarka?" Ka ce, "Ba a faɗa ba tukuna, Baba." Na ce, "A Kano ba a yin irin karatun nan ranar Asabar da Lahadi, mutum yana kan aikinsa?" Ka ce, "Ana yi, Baba, amma manaja ya ce wannan ba shi da wata daraja." Tun daga nan abinci ya daina yi min daɗi.

Da bakinka ka gaya min bana injinku rabin yini yake aiki saboda tsadar dizal, kuma an sallami mutane da dama kafin azumi. To kamfanin da ya kasa ciyar da inji, yaushe ya samu sararin damuwa da gobenka? Ni tsoho ne, kuma na yarda ina da zargi, mahaifiyarka ma takan ce ko gaisuwa aka yi min sai na juya ta na duba bayanta. Amma ba haka aka haife ni ba. Zan gaya maka inda na samo halin, ka auna da kanka.

Ina ƙaramin malamin firamare, ban daɗe da aure ba, yayarka Hauwa tana goye, na tafi kwas na shekara biyu a Zariya don in samo babbar takardar malanta. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da ake bin layi don sabulu da madara, ga damina ta ƙi zama. Ka san abin da ya tura ni? Wani abokina da muka gama makaranta tare ya yi kwas ɗin, ya dawo gari a kan babur sabo fil, da tabarau, da jakar hannu. Na kalli kekena, na kalli babur ɗinsa, na yanke hukunci a tsaye. Ban tambaye shi komai ba, don ina jin kunyar ya gane ina kishi. Sai da na dawo da tawa takardar na tarar an dakatar da ƙarin girma gaba ɗaya, sannan na ji cewa babur ɗin surukinsa ne ya saya masa. Takardar ta shiga akwati ƙarƙashin rigunan Sallah, ni kuma na koma ajin da na bari, da keken da na bari.

Saboda haka kada ka yi irin wautata. A kamfaninku da maƙwabtanku ba za a rasa masu wannan digiri ba. Nemi biyu ko uku, ka same su a gida ba a ofis ba, ka tambaye su inda suke zaune kafin su tafi da inda suke zaune yanzu. Ka duba kuma mutumin da aka ɗaga na ƙarshe a wurinku, ka bincika takarda ce ta ɗaga shi ko wani ne ya riƙe masa hannu. In ka ga kana jin nauyin yin tambayar, to ka tuna nauyin da na ji ne ya ci min shekara biyu.

Ba shekara biyun kaɗai ya ci ba. Da zan tafi na ba ɗan baffana Audu aron gonarmu ta bayan gari. Ka san ƙasarmu, gona jingine da gona, ba mu da dajin da za a bar wata ta huta a share wata. Abin da ke riƙe ta shi ne takin da ake kai mata kowace rani, mangala bayan mangala. Audu ya yi min alkawari har da rantsuwa, kuma ban ce ya ci amana ba. Ya noma, ya girbe, ya aiko min da dami. Amma wa zai kwashe takin awakinsa ya kai gonar da za a karɓe gobe? Na dawo na tarar ciyawar ƙuduji ta cinye ta, gero bai kai ƙuguna ba, gambar da ke kan iyaka kuma ta matso ciki da kunya biyu, ba wanda ya san lokacin da ta yi tafiya. Damina huɗu na yi ina lallashin gonar nan kafin ta sake kallona.

Aikinka irin wannan gona ce. Abin da ya sa kamfani ke riƙe da kai ba takardarka ta farko ba ce. Manoma da dillalan kasuwannin nan sun san ba ka danne sikeli, suna ajiye maka kaya mai kyau ko wani ya riga ka zuwa. Wannan ba ya zama a akwati ya jira ka. Kaka biyu za a yi ba ka nan. A kakar farko za su tambayi ina Nasiru, a ta biyu sun saba da wanda ya zo. In ka dawo da digirin sanin kasuwa, ka tarar kasuwar ta manta sunanka, ban san abin da za ka ce ka samo ba.

Akwai kuma laifin da na yi wa mahaifiyarka. Ana gobe zan tafi na kira ta na yi mata bayani mai tsawo, irin na malaman makaranta, har da lissafa mata alherin da zai biyo baya. Ta ce, "To, Malam, Allah Ya kai ka lafiya." Na tafi ina yabon kaina cewa na yi shawara da iyalina. Duk hutun da na zo ina samun tuwo, ban taɓa tambayar daga ina ba. Ashe awakinta ta sayar ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙare ta shiga kwanukan jerenta. Ban sani ba sai bayan shekaru, ranar da ake haɗa wa Hauwa kayan ɗaki, na ce mata ina kwanukan nan masu fure da kika zo da su, a ba yarinya mana. Ta dube ni ta ce, "Suna Zariya, Malam. Kai ka tafi da su." Na ce ai da kin gaya min ba ki so da ban tafi ba. Ta ce, "Ai ba tambayata ka yi ba, sanar da ni ka yi." Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Shekaranjiya mahaifiyarka ta kira Rabi a waya ta tambaye ta ra'ayinta. Ka san abin da ta ce? "Duk yadda ya ce, Inna." Mahaifiyarka ta ajiye wayar ta kalle ni, ni kuma ban nemi bayani ba. Rabi tana da keken ɗinkinta da masu kawo mata ɗinki a Bacirawa, yara suna makarantarsu, ita ma ta sa ran wata rana za a ɗora bulo a fulotin nan. A nan wa zai kawo mata ɗinki, mutanen da rigar bara suke wankewa su yi Sallah? Gidan nan gidanku ne, ko tsakar dare kuka zo za a share muku ɗaki. Amma gaskiya ita ce bana rabin gonar kawai na iya sa wa takin zamani, kuma abin da ke rumbu na san iyakarsa. Ka zauna da matarka ba tare da takardar makaranta a hannunka ba, ka tambaye ta, sannan ka rufe bakinka har ta gama. In ta ce duk yadda ka ce, ba ta amsa ba tukuna.

Kada ka ɗauka ni maƙiyin karatu ne. Da alli na ciyar da ku, kuma ni na kai ka makaranta a bayan keke kana kuka. Zargin nan nawa ma ya taɓa cutar da ni. Bayan abin da ya same ni, wani ɗan gajeren kwas ya zo, aka sa sunana, na ce ko da kuɗi ba ni zuwa, an cuce ni sau ɗaya ya isa. Waɗanda suka je su ne daga baya suka zama masu duba makarantu, suna zuwa suna buɗe min rajista suna gyara min. Don haka ban ce kada ka yi digirin ba. Mai yiwuwa a zamaninku ba a hawa sai da shi, wannan kai ka fi ni sani. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne wanda ya ce ka tafi, da lokacin da ya zaɓa, da yadda ya rufe maka ƙofar yin karatun kana kan kujerarka.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in fara wannan layin.

Da na dawo daga Zariya, hedimastanmu wani dattijo ne mutumin Tsanyawa, Malam Yusha'u. Ƙaramar takarda gare shi, amma ya iya riƙe makaranta da mutane. In aka yi ruwan shuka yakan ce min, "Ɗahiru, je ka gona, zan shiga ajinka." Bai taɓa ɓata min ba ko sau ɗaya. Amma ni kullum in na wuce ƙofar ofishinsa sai in tuna takardata ta fi tasa, tana akwati, shi kuma yana kan kujera. Shekara da shekaru abin yana cina a rai, ga iyali suna ƙaruwa, ga albashi ba ya kai tsakiyar wata.

Sai aka fara ƙishin-ƙishin cewa nan gaba duk hedimastan da ba shi da babbar takarda za a sauke shi. Jita-jita ce, kowa ya ji, kowa ya watsar. Ni na ɗauke ta na kai masa har gida. Na zauna a tabarmarsa, na sha furarsa, na ce, "Malam, mutum irinka bai kamata a wayi gari wani yaro ya zo ya tashe shi ba. Ka je ka yi kwas ɗin nan tun da sauran lokaci." Ya ce shekarunsa sun ja, ga iyali, ga gona. Na ce shekara biyu kamar gobe ne. Ya ce ya ji ana yin wani a lokacin hutu, mutum yana kan aikinsa. Na ce wannan ai ba a ɗaukarsa da daraja. Ka lura, Nasiru, ban yi masa ƙarya ko ɗaya da za a kama ni da ita ba. Jita-jitar tana nan, kwas ɗin yana da amfani, shi kuma ya cancanta. Abin da na ɓoye kawai shi ne dalilin da ya kai ni gidansa.

Ni na cike masa fom da hannuna, don rubutuna ya fi kyau. Ni na kai ofishin ilimi a kekena. Ranar tafiya ni na ɗaukar masa akwati zuwa tasha, mutane suna cewa Allah Ya ba kowa mataimaki irin Ɗahiru. Ya sa ƙafa a mota ya juyo ya ce, "To makarantar fa?" Na ce, "Ai ina nan, Malam. Riƙon ƙwarya kawai zan yi maka." Ya riƙe hannuna ya sa min albarka.

Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba na fara zarya a ofishin ilimi, yau gaisuwa, gobe ƙwan zabi, jibi in tuna musu makaranta ba ta zama ba tsayayyen shugaba. Kafin ya gama shekarar farko an tabbatar min da kujerar. Ban rubuta masa ba. Da ya dawo da takardarsa aka ce babu gurbi, aka tura shi wani ƙauye mai nisa a matsayin malamin aji, dattijo yana taka keke cikin rairayi safe da yamma. Bai jima ba ya ajiye aikin. Ranar da ya zo ɗaukar butarsa da dardumarsa da ya bari a ofis ya same ni a zaune a kan kujerarsa. Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga min hannu ya ce, "Zauna abinka, Malam Ɗahiru. Ta yi maka kyau." Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kai ƙarata ko'ina ba. A shekarar aka haife ka, kuma duk girman da ka tashi ka ga ana ba ni a garin nan, ɗan hedimasta kaza, ɗan hedimasta kaza, daga wannan kujera ya fito.

To ka ji. In na ce maganar manajanku ba ta kwanta min ba, ba don na fi ka ilimi ba ne, ko kamfani ban taɓa shiga ba. Na san yadda ake tashin mutum daga kujera da yabo ne, don na yi. Kuma mai yin haka ba lallai mugu ba ne a fuska, ni ma ina sallah a sahun gaba a lokacin, har na shawo kan kaina cewa taimakonsa nake yi.

Ban san mutumin nan ba, kuma ina tsoron Allah kada in ɗora masa laifina. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka ce ya rubuta maka a takardar kamfani, da sa hannun wanda ya fi shi, cewa kujerarka ko wadda ta fi ta tana jiranka. Ka tambaye shi sunan wanda zai riƙe, ka bincika ko ɗan wane ne. Sannan ka ce masa ka yi tunani, za ka yi na Asabar da Lahadi a Kano kana kan aikinka, ka dubi fuskarsa sosai lokacin da kake faɗa. Mai son ci gabanka zai ce Allah Ya taimaka, har ya rage maka aikin Asabar. Ɗayan kuwa na san abin da fuskarsa za ta yi, don na san abin da tawa za ta yi da Malam Yusha'u ya ce min ya fasa.

Ga roƙona guda ɗaya. Kada ka miƙa takardar nan, kada kuma ka kai dillali fulotin, sai ka zo gida ranar Asabar. Malam Yusha'u yana nan da rai a Tsanyawa, an ce idonsa ya yi rauni, yana zama a ƙofar gida. Duk shekarun nan in na je kasuwar garin ta bayan gari nake zagawa don kada in bi layinsu. Ka zo ka ɗauke ni a babur ɗinka ka kai ni. Kai ka tambaye shi abin da karatun ya ƙara masa da abin da ya raba shi da shi, don ya fi ni cancantar ba ka amsa, kuma duk abin da ka yanke bayan nan zan sa maka albarka da gaske, ko Legas ɗin ce. Ni kuma ina da maganar da zan yi masa, kuma na san kaina, in ni kaɗai ne zan kai bakin layin in juyo. Ina so ka tsaya a bayana har in gama faɗa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya haska maka abin da ke ɓoye, Ya haɗa ka da masu sonka don Allah. Ya tsare ka a hanya, Ya tsare Rabi da yara, Ya kiyaye maka abincinka daga hannun da ba ka gani. Ya kawo mana sauƙin wannan zamani, Ya yafe mana abin da muka yi wa bayinSa. Ka taho da wuri, kafin rana ta yi zafi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Ɗahiru